MARIGAYI ALHAJI SA ABUBAKAR TAFAWA ƁALEWA: MALAMIN MAKARANTAR DA YA RIƘE NIJERIYA DA SANYIN HANNU

Da sunan Allah Mai rahama Mai jinƙai. Kamar yadda aka saba, wannan mujalla tamu ta shekara-shekara takan keɓe shafi domin tunawa da ɗaya daga cikin magabatan ƙasar Bauchi. Bana alƙalami ya faɗa kan wanda ya fi kowa shahara a cikinsu, wato Firayim Ministan Nijeriya na farko kuma na ƙarshe, marigayi Alhaji Sa Abubakar Tafawa Ɓalewa. Kimanin shekara sittin ke nan da rasuwarsa, amma har yau duk inda dattawa suka zauna ana hirar shugabanci, da wuya a tashi ba a yi begen zamaninsa ba. 'Ya'yanmu da aka haifa a Legas da Abuja da Kaduna kuwa, da yawansu iyakar saninsu da shi hoton da ke jikin naira biyar. Don haka ya kamata a bayyana musu ko wane ne shi, da dalilin wannan bege, da kuma abin da ya rage a wuyanmu.

Haihuwarsa da Karatunsa

An haifi Abubakar a watan Disamba na 1912 a garin Tafawa Ɓalewa, cikin ƙasar Lere ta masarautar Bauchi. Sunan garin daga Fillanci ya samo asali, ma'anarsa baƙin dutse. Mahaifinsa, Yakubu Ɗan Zala, ba basarake ba ne, hidima yake yi a gidan hakimin Lere. Sunan mahaifiyarsa Fatima Inna. Wannan asali na talakawa abin lura ne ƙwarai, domin a wancan zamani yawancin waɗanda suka yi fice a Arewa 'ya'yan sarauta ne ko na manyan malamai.

Bayan karatun allo, an sa shi elemantare a garinsu, daga nan ya zo makarantar lardi ta Bauchi a 1925. A 1928 aka zaɓe shi zuwa Kwalejin Katsina, wadda ita ce ƙololuwar ilimin boko a Arewa a lokacin, kuma aikinta horar da malamai. A can ya tarar da Ahmadu Bello, wanda daga baya ya zama Sardaunan Sakkwato, yana gaba da shi a aji. Shekara biyar ya yi a Katsina, inda ya goge a Turanci har ya zamana in yana magana sai a yi tsit. Wannan baiwa ce ta sa daga baya duniya ta yi masa laƙabi da mai muryar zinare na Afirka.

Malam Abubakar a Midil ta Bauchi

A 1933 ya dawo gida ya kama koyarwa a Midil ta Bauchi, ya yi ta hawa har ya zama hedimasta. A shekarar da ya fara aiki ne Hukumar Fassara ta Zariya, ƙarƙashin Rupert East, ta shirya gasar rubuta ƙagaggun labarai da Hausa. Malam Abubakar ya shiga da littafinsa Shaihu Umar, wanda ya fito tare da Ruwan Bagaja na Abubakar Imam da Ganɗoki na Bello Kagara. Labarin wani yaro ne da aka sace, aka ƙetare Sahara da shi, ya tashi a hannun wani Balarabe ya zama babban malami, mahaifiyarsa kuma ta bi sawunsa har ita ma ta faɗa cikin bauta. Wanda ya karanta littafin da natsuwa zai ga halin marubucinsa a ciki: haƙuri da ƙaddara, ƙyamar zalunci da makircin fada, da girmama ilimi. An mai da shi wasan kwaikwayo, sannan Adamu Halilu ya mai da shi fim a 1976.

Bauchi ta waɗannan shekaru tukunya ce mai tafasa. Malam Sa'adu Zungur yana gari, Malam Aminu Kano kuma yana koyarwa a Midil ɗin nan. Su da Malam Abubakar da sauran 'yan boko sukan haɗu a dandalin muhawara da aka kafa a garin, ana tattauna mulkin En'e da makomar Arewa. Dukkansu sun yarda akwai gyara, amma hanya ta raba su. Sa'adu da Aminu suna ganin sai an girgiza ginin daga tushe, shi kuwa Abubakar yana ganin a gyara ɗaki ana kwana a cikinsa. A 1945 ya tafi Jami'ar Landan ya yi kwas na shekara guda a fannin koyarwa, ya dawo ya zama jami'in ilimi na En'e ta Bauchi.

Shigarsa Siyasa

A 1946 aka zaɓe shi Majalisar Dokokin Arewa, a 1947 kuma ya tafi majalisar ƙasa da ke Legas. Kada mai karatu ya ɗauka sassaucinsa tsoro ne. A 1950 ya miƙe a majalisar Kaduna ya gabatar da ƙudurin a sake duba tsarin En'e baki ɗaya, domin a rage ikon da ya taru a hannun mutum guda, a kuma ba talakawa bakin magana. A lokacin da ba a ɗaga ido a dubi sarki, wannan ba ƙaramar kasada ba ce ga ɗan talaka mai cin albashin En'e. Ƙudurin ya tsallake da ƙyar, kuma shi ya buɗe ƙofar gyare-gyaren da suka kai ga dokar En'e ta 1954.

Da Jam'iyyar Mutanen Arewa, wato NPC, ta zama jam'iyyar siyasa a 1951, yana cikin jigoginta, daga baya ya zama mataimakin Sardauna a shugabancinta. An naɗa shi Ministan Ayyuka a 1952, sannan Ministan Sufuri. Da farko yana cikin masu shakkar ɗorewar Nijeriya, yana ganin haɗin Turawa ne kawai. Amma ziyarar da ya kai Amurka a 1955, domin nazarin sufurin jiragen ruwa a kogin Misisifi, ta sauya masa tunani. Ya ga yadda mutane masu asali daban-daban suka zama al'umma guda, ya dawo da yaƙinin cewa Nijeriya ma za ta iya. Dattijo ne kaɗai yake sauya ra'ayi in hujja ta bayyana gare shi, ba tare da jin kunya ba.

Firayim Minista

A 1957 ya zama Firayim Minista. Abin da ya fara yi shi ne kafa gwamnatin haɗin kan ƙasa, ya jawo NCNC ta Dokta Azikiwe da AG ta Cif Awolowo, domin a tunkari Ingila da murya ɗaya. Bayan zaɓen 1959, NPC da NCNC suka kafa gwamnati, Awolowo ya zama madugun adawa. Ranar 1 ga Oktoba 1960 ya karɓi takardun 'yancin kai daga hannun Gimbiya Alexandra a filin sukuwa na Legas, filin da yanzu ake kira da sunansa. Mako guda bayan haka ya tsaya a zauren Majalisar Ɗinkin Duniya, ranar da Nijeriya ta zama ƙasa ta 99 a cikinta.

A harkokin waje ya bi tsakiyar hanya. Lokacin da Kwame Nkrumah na Gana yake neman a narkar da Afirka ta zama ƙasa ɗaya nan take, Abubakar yana cikin rukunin Monrobiya masu cewa a fara da haɗin gwiwa da mutunta iyakokin juna, kuma a kan wannan ra'ayi aka kafa Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Adis Ababa a 1963. Duk da sanyinsa, inda ya ga cin mutunci ba ya ja da baya. A 1961 gwamnatinsa ta sallami jakadan Faransa saboda gwajin bam ɗin nukiliya a Sahara, kuma a shekarar yana cikin shugabannin da suka matsa har Afirka ta Kudu mai wariyar launin fata ta fice daga ƙungiyar ƙasashe renon Ingila. Ya tura sojoji Kwango aikin kiyaye zaman lafiya. Da ɗalibai da 'yan adawa suka yi ca a kan yarjejeniyar tsaro da Ingila, bai yi taurin kai ba, aka soke ta a 1962.

A cikin gida, a zamaninsa aka shimfiɗa layin dogo daga Kuru, ya iso Bauchi a 1961, ya wuce Gombe, ya dangana da Maiduguri a 1964. An fara ginin madatsar ruwa ta Kainji a 1964, an kammala gadar Kwara ta Anaca a 1965. Jami'o'in Nsukka da Zariya da Ife da Legas duk a tsakanin 1960 da 1962 suka buɗe, wasu na gwamnatocin yankuna, ta Legas kuma ta tarayya.

Guguwar Ƙarshe

Bege ba ya hana faɗin gaskiya. Shekarunsa na ƙarshe cike suke da fitina. A 1962 rikicin AG ya sa aka kafa dokar ta-ɓaci a Yamma, a 1963 kotu ta ɗaure Awolowo shekara goma. Ƙidayar jama'a ta 1962 da ta 1963 ta haifar da zargi tsakanin yankuna. A 1964 aka yi yajin aikin gama-gari, aka yi tarzoma a ƙasar Tibi, sannan zaɓen Disamba ya kusa raba shi da Shugaba Azikiwe, sai da dattawa suka shiga tsakani. Zaɓen Yamma na Oktoba 1965 kuwa ya jawo ƙone-ƙone da kashe-kashe. Masu suka suna cewa ya yi gaggawar sa dokar ta-ɓaci a 1962, ya kuma yi jinkiri a 1965 sa'ad da abokin ƙawancen jam'iyyarsa ke mulkin yankin. Suna kuma cewa bai taɓa samun cikakken iko ba, tun da shugaban jam'iyya yana Kaduna. Wannan suka tana da nauyi. Haƙurin da ya riƙe ƙasar shekara takwas, shi ne ya zama jinkiri a lokacin da wuta take ci.

A watan Janairu 1966 ya karɓi baƙuncin shugabannin ƙasashe renon Ingila a Legas kan batun Rodeshiya. Kwana kaɗan bayan watsewar taron, a daren 15 ga wata, cikin azumin Ramadan, wasu hafsoshin soja suka ɗauke shi daga gidansa. A wannan dare aka kashe Sardauna da Cif Akintola da Cif Okotie-Eboh, da manyan sojoji irin su Birgediya Zakariya Maimalari da Kanar Kur Muhammad. Bayan kwanaki aka tsinci gawarsa a gefen hanyar Legas zuwa Abekuta, aka kawo ta Bauchi aka yi mata sutura. Yana da shekara 53. Waɗanda suka yi gaggawar ba su kawo gyaran da suka yi ikirari ba. Abin da ya biyo baya shi ne juyin mulki na biyu a watan Yuli, da yaƙin basasa daga 1967 zuwa 1970.

Me Ake Bege?

Abin da dattawa suke bege a wurinsa hali ne. Mutum ne mai riƙo da addini da al'ada da girmama na gaba, amma bai mai da abokin hamayya abokin gaba ba. Ya saɓa da Malam Aminu Kano a siyasa, mutunci bai zube a tsakaninsu ba. Ya riƙe mulkin ƙasa fiye da shekara takwas, ya tafi bai bar kamfani ko rukunin gidaje ba; a gidansa na Bauchi da gonarsa yakan yi hutu. Irin wannan tarbiyya aka gani a wurin Alhaji Shehu Shagari, shi ma malamin makaranta, wanda ya yi masa sakataren majalisa da minista kafin ya zama Shugaban Ƙasa daga 1979 zuwa 1983. Su 'yan mazan jiya ne masu sassauci, waɗanda suka ɗauki mulki a matsayin amana, suka kuma yarda cewa sannu ba ta hana zuwa.

Ƙasa ta karrama shi gwargwado. An gina hubbarensa a Bauchi aka buɗe a 1979, shekarar da hotonsa ya hau naira biyar. Jami'ar fasaha ta tarayya da aka kafa a Bauchi a 1980 ta koma sunansa a 1988, ga kuma filin wasa da filin jirgin sama.

Kira Ga 'Yan'uwa

Ya 'yan'uwa mazauna birane, sanya suna a gini aikin gwamnati ne, namu ya fi wannan. Ɗan mai hidima a gidan hakimi ya kai inda ya kai ne saboda akwai elemantare a ƙauyensu, da malamin da ya tsaya a kansa, da hanyar da ta kai shi Katsina ba tare da an tambayi ɗan wane ne ba. Yau akwai yara masu irin ƙwaƙwalwarsa a ƙauyukanmu, suna zaune a ƙasa cikin azuzuwan da iska ta yaye rufinsu. In begen da muke yi na gaskiya ne, to ya bayyana a asusun ilimi na wannan ƙungiya, da gyaran makarantun da muka fito, da mutunta malaman da suka rage a gida. In kun zo hutun Sallah, ku kai yaranku hubbaren su ga 'yan kayan da ya bari, ku saya musu Shaihu Umar su karanta da harshen iyayensu. Masu sha'awar siyasa a cikinmu kuma su koyi yin hamayya ba da zagi ba, su kuma koyi darasin 1965, cewa in ɓarna ta taso ko daga ɓangarenka ne, a tare ta da wuri.

Allah Ya jiƙan Malam Abubakar, Ya gafarta masa kurakuransa, Ya sa Aljanna ce makomarsa. Allah Ya albarkaci zuriyarsa, Ya ba ƙasar Bauchi da Nijeriya baki ɗaya shugabanni masu tsoronSa. Amin.