Edward Jenner: Likitan da Ya Fito da Rigakafin Agana

An haifi Edward Jenner ranar 17 ga Mayu, 1749, a garin Berkeley na ƙasar Ingila. Mahaifinsa limamin coci ne, kuma iyayensa duka biyu sun rasu yana ɗan shekara 5. A wancan zamani babu ciwon da iyaye ke tsoro kamar agana, domin in ba ta kashe yaro ba, to za ta bar masa zanzana ko ta makantar da shi. Dabarar da ake da ita ita ce a tsaga fatar mai lafiya a shafa masa ruwan ƙurjin mai agana, don ya yi 'yar kaɗan ya huta. Wasu kan mutu a garin haka. Shi kansa Jenner an yi masa yana shekara 8, ya kuwa sha wuya.

Bayan ya koyi aikin likita a Landan wajen John Hunter, sai ya komo garinsu. Mutanen karkara sun daɗe suna cewa duk mai tatsar nono da ta kamu da ƙurajen hantsar saniya, agana ba ta kama ta. Ranar 14 ga Mayu, 1796, Jenner ya ɗebi ruwan irin ƙurjin nan daga hannun wata mai tatsa, Sarah Nelmes, ya sa wa James Phipps, yaro ɗan shekara 8. A watan Yuli ya sa masa ruwan agana ta ainihi, yaron bai kamu ba.

A nan ya kamata mai karatu ya ɗan dakata. Phipps ɗan mai yi wa Jenner aikin lambu ne. Shin talakan da ke cin abinci a ƙarƙashin mutum zai iya cewa a'a in maigidansa ya nemi ɗansa? A ganina da wuya. A yau babu likitan da za a bari ya yi irin wannan gwaji. Sai dai a yi wa Jenner adalci: a 1798, shekarar da ya wallafa bincikensa, ya gwada abin a kan ɗansa na cikinsa, Robert, yana wata 11.

Iyaye da yawa ba su yarda ba. Wasu na ƙyamar a sa wa ɗan Adam ciwon dabba, har a 1802 aka yi zanen barkwanci na mutane da shanu ke tsirowa daga jikinsu. Wannan kam shirme ne, amma ba duk shakkar ce ta banza ba. Daga hannun wannan yaro ake ɗebo ruwan a sa wa wancan, kuma ta haka wasu cututtuka kan bi, har da tunjere. Jenner kuma ya kafe cewa lamba ɗaya ta isa har mutuwa, alhali daga baya an gane sai an maimaita. Abin da ya jawo masa mutane shi ne wata 'yar bukka a lambunsa, inda yake yi wa talakawa kyauta, wanda ya ga dama ya kawo ɗansa.

Majalisar Ingila ta ba shi fam 10,000 a 1802, ta ƙara masa 20,000 a 1807. Shi kuma ya ba Phipps gida ya zauna ba haya. Jenner ya rasu ranar 26 ga Janairu, 1823.

Tilas ta zo ne bayan ba ya nan. A 1853 aka wajabta yi wa jarirai rigakafin, ana cin tarar iyayen da suka ƙi, daga baya har da ɗauri. Abin ya harzuƙa jama'a, dubbai suka yi zanga-zanga a Leicester a 1885. Sai a 1898 gwamnati ta sassauta, ta ba uban da zuciyarsa ba ta kwanta ba damar neman takardar uzuri. Agana dai ba a rabu da ita ba sai 1980, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanar da kawar da ita.