Ibnul Haisam: Malamin da ya gano yadda ido ke gani

Uwargida, kin taɓa kishingiɗa da rana tsaka a ɗakin ƙasa, irin na ƙauyukan Zurmi ko Shinkafi, ƙofa a rufe, sai ki ga hasken rana ya kutso ta wata 'yar kafa ya miƙe sambal kamar sanda? Mu dai gani muke mu wuce. To akwai wanda ya zauna ya yi wa abin nazari shekara dubu da suka shuɗe, sunansa Alhasan Ibnul Haisam.

An haife shi a Basra ta ƙasar Iraƙi wajen shekarar 965. Masana tarihi sun ce labari ya kai wa sarkin Masar, Alhakim, cewa malamin ya ce zai iya shawo kan ambaliyar kogin Nilu. Sarki ya aika ya zo. Da ya isa wajen Aswan ya ga girman ruwan, sai ya gane aikin ya fi ƙarfinsa. Shi kuwa Alhakim ba a yi masa wargi, kisa ba ya yi masa wuya. Sai malam ya ƙirƙiro haukan ƙarya, aka tsare shi a gida har ƙarshen mulkin sarkin a 1021. A tsakanin 1011 da 1021 ne ya rubuta Kitabul Manazir, juzu'i bakwai.

Kafin shi, manyan masanan Girka irin su Badalamusi sun ɗauka ido ne ke fitar da haske ya taɓa abu. Kada ki yi musu dariya, duk wadda ta ga idon kyanwa da dare za ta iya zaton haka. Shi dai bai tsaya ga abin da magabata suka faɗa ba, gwadawa ya yi. Ya jera fitilu a wajen ɗaki mai duhu, hasken kowace ya shiga ta huda ɗaya ya sauka a bango. In ya rufe fitila ɗaya, sai ɗigonta kaɗai ya ɓace. Ashe haske ne ke tasowa daga abu, ya tafi a miƙe, ya shiga ido. Kyamarar wayar da kike ɗaukar hoton suna da ita, a kan wannan ƙa'ida take aiki.

Ya kuma bi diddigin yadda haske ke karkacewa in ya shiga ruwa ko gilashi, dalilin da ya sa ludayi ke kamar ya karye a cikin ruwa ke nan. Yau masana na ƙera idon kyamara na ruwa-ruwa wanda lantarki ke sauya wa siffa, ya hango nesa ya ga kusa. In 'yarki na karatun kimiyya a Kwalejin Fasaha ta Tarayya da ke Ƙaura Namoda, tambaye ta darasin haske.

Bayan ya sami 'yanci ya zauna kusa da masallacin Azhar, yana kwafar littattafan lissafi da hannu yana sayarwa don ya ci abinci. Ya rasu a Alƙahira wajen 1040. An fassara littafinsa zuwa Latin, Turawa na kiransa Alhazen, kuma a 2015 Majalisar Ɗinkin Duniya ta tuna da shi a bikin Shekarar Haske.