William Withering: Likitan da ya auna ganyen kumburin ciwon zuciya

Ban taɓa jin sunan baturen nan ba sai da Baba ya kwanta mana a nan Agege. Ƙafafunsa suka kumbura suntum, barci ma sai a zaune saboda numfashi. Likita ya ce zuciyarsa ce ta gaji, ba ta harba jini yadda ya kamata, shi ya sa ruwa ke taruwa a jiki. Cikin magungunan da ya rubuta akwai 'yar ƙwaya mai suna digoxin, ya kuma ja mana kunne kada a ƙara ko da rabi. Jan kunnen nan ne ya sa na bi asalinta, har na iske William Withering.

An haife shi a 1741 a garin Wellington na yankin Shropshire a Ingila, ya gama karatun likita a Edinburgh a 1766. Matarsa Helena, wadda da majinyaciyarsa ce mai zanen furanni, ita ta jawo hankalinsa ga ilimin tsirrai.

A 1775, shekarar da ya koma Birmingham, aka nemi ra'ayinsa kan wani haɗin gargajiya na wata tsohuwa, mai ganyayyaki wajen ashirin, wanda ake sha don kumburi. Bai raina shi ba fa. Ya duba ya gane cewa ganye ɗaya ne ke aikin, wato foxglove. Matsalar ita ce wanda ya sha da yawa sai amai da gudawa, ya riƙa ganin abubuwa ruwan ɗorawa, bugun zuciya ya ragu, wani ma ya mutu.

Shekara 10 ya yi yana busar da ganyen, yana niƙa shi gari, yana aunawa, yana rubuta abin da ya sami kowane majinyaci. A 1785 ya fitar da littafi mai bayanin majinyata sama da 150, har da waɗanda maganin bai yi wa amfani ba. Bai ɓoye kuskurensa na farko ba, na ba da shi fiye da kima. Ga shi kuma yana duba talakawa kyauta.

Tarin fuka ya daɗe yana damunsa, har ya je Fotugal neman sauƙi. Ya mutu ranar 6 ga Oktoba, 1799. A 1930 aka tace digoxin daga wani ɗan'uwan ganyen nan.

Baba dai kumburin ya sauka, alhamdu lillahi, yana shan magungunansa yadda aka ce. Ni kuwa duk sanda na ga ana tallar jiƙo a gora a tasha, ba awo ba ƙa'ida, sai gabana ya faɗi. Ganyen yana iya zama na gaske, amma wa ya auna shi? 'Yan'uwa, in ƙafa ta kumbura, numfashi ya yi sama-sama, a garzaya asibiti, kuma a gaya wa likita duk abin da ake sha a gida.