Babban Gwani Mika'ilu, Maginin Masallacin Juma'a na Zariya

Idan ana zancen mutanen da suka yi wa Musulunci hidima a ƙasar Hausa bayan jihadin Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, malamai da sarakuna da mayaƙa ake fara ambata. Ba safai ake tunawa da magina ba, alhali kuwa malami ba ya karantarwa a rana, alƙali ba ya shari'a a cikin ruwan sama. Wannan mako filinmu zai waiwayi wani magini, Malam Mika'ilu, wanda kuma ake kira Muhammadu Durugu, amma duniya ta fi saninsa da Babban Gwani.

Sunansa ya fito ne a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. A lokacin mulki ya zauna, Zariya tana bukatar masallacin Juma'a da ya dace da sabon zamani, sai aka ɗora wa Mika'ilu aikin. Kayan aikinsa ba su wuce na kowane magini ba: tubali, da ƙasa, da azarar giginya wadda gara ba ta cika yi wa ɓarna ba. Amma azara gajeriya ce, ba ta iya ratsa babban ɗaki. Sai ya riƙa jera ta daki-daki a cikin ƙasa, kowace ta ɗan ɗara ta ƙasanta, har bakan gizo ya tashi daga ginshiƙi ya haɗu da ɗan'uwansa a sama, rufin kuma ya zauna bisa kansu kamar an kifa ƙwarya. Ta haka jama'a masu yawa suka sami inuwa ɗaya ta yin sahu. Bai tsaya ga ɗakin salla ba, har da wuraren alwala da zauren shari'a ya haɗa a cikin haraba guda.

Adon ginin ma abin lura ne. Da yake shari'a ta hana surar mai rai a wurin ibada, sai ya zuba gwanintarsa a kan zane na layuka da da'irori da kusurwoyi, waɗanda aka fitar da hannu a jikin ginshiƙai tun ƙasa tana ɗanya. Ado ne mai nauyi da natsuwa, ba ya ɗauke hankalin mai salla. Wanda ya zaga daga Hanwa zuwa Tudun Wada yau zai ga masallatan bulo da kwano birjik, Allah ya saka wa waɗanda suka gina su, amma kaɗan ne za su sa shi ya ɗaga kai ya dubi rufi.

A shekarun 1970 aka lulluɓe tsohon ɗakin sallar da sabon gini. Kafin nan wani masanin gine-gine ɗan ƙasar Polan, Dmochowski, ya auna masallacin ya zana taswirarsa, daga baya aka gina kwatankwacinsa a gidan tarihin gine-ginen gargajiya da ke Jos.

Ƙarshen Babban Gwani kuwa, a bakin mutane yake. Masu ba da labari suna cewa an kira shi Birnin Gwari ya gina masallaci, da ya gama sai aka kashe shi, don kada ya je wani gari ya gina wanda ya fi shi. Allah ya jiƙansa, ya sa Aljanna ce makomarsa.