MUHAMMADU AL-KATSINAWI, MASANIN LISSAFI DA TAURARI

Ɗalibai da yawa suna tsammani ilimin sararin sama sai Turawa. To, ku saurari labarin wani mutumin ƙasarmu.

Muhammadu ɗan Muhammadu, wanda aka fi sani da Al-Katsinawi, Bafillacen ƙasar Katsina ne. Bayan ya yi zurfi a karatu sai ya kama hanyar gabas, ya yi aikin Hajji, daga nan ya zauna a Alƙahira. A 1732 ya rubuta littafi da Larabci a kan hatimi, watau gidajen lambobi da jimlarsu ke zama ɗaya ta kowace fuska. Misali, in ka jera 1 zuwa 9 daidai cikin gida tara, ko a tsaye ka tara, ko a kwance, ko a karkace, 15 za ka samu. Ya kuma yi rubutu a kan taurari, ko da yake a zamaninsa ilimin taurari cakuɗe yake da duba.

Ya rasu a 1741 a gidan abokinsa Hasan al-Jabarti, masanin taurari kuma mahaifin shahararren marubucin tarihin Masar. Shi ya bar wa littattafansa. Abin takaici, Masar ta fi mu sanin sunansa.

A zamaninsa duniyoyi biyar aka sani ban da tamu, ciki har da Mushtari, ƙatuwar duniyar iska wadda cikinta zai ɗauki irin tamu fiye da 1,000. Sai a 1995 masana biyu daga Suwizalan suka gano wata ƙatuwar duniya tana kewaya wani tauraro mai kama da rana. A 2018 kuma, da madubin hangen nesa a ƙasar Cile, aka ɗauki hoton wata tana cikin haɗuwa kusa da jaririn tauraro PDS 70, mai shekara wajen miliyan 5, alhali ranarmu ta kai miliyan 4,600. Duk wannan aiki da lissafi aka yi shi, fannin da Al-Katsinawi ya ƙare rayuwarsa a kai.

Ku 'yan Jega da Aliero da Maiyama, sararin da Allah ya shimfiɗa masa shi ya shimfiɗa muku. In kun ga Kaza da 'ya'yanta da dare, ku tuna da shi, kada ku guje wa darasin lissafi.