Tarihin Abul Ƙasim al-Zahrawi, likitan jijiyoyin jini na Andalus

An haifi Abul Ƙasim Khalaf bin Abbas al-Zahrawi ne a wajejen shekarar 936 miladiyya a ƙasar Andalus, wato kudancin Spain a yau. Sunan nasa ya samo asali daga Madinatuz Zahra, birnin sarauta da Halifa Abdurrahman na Uku ya gina kusa da Ƙurɗuba.

A can ya yi karatu, kuma a can ya yi aikin likitanci tsawon rayuwarsa. Ana lissafa shi cikin likitocin fadar Halifa al-Hakam na Biyu, wanda ya yi mulki daga shekarar 961 zuwa 976. Malam Ibn Hazm, wanda shi ma mutumin Ƙurɗuba ne, ya ambace shi cikin manyan likitocin Andalus.

Littafin al-Tasrif

A wajejen shekara ta 1000 ne al-Zahrawi ya kammala littafinsa mai suna al-Tasrif, mai kashi 30. Kashi na ƙarshe, wanda ya keɓe wa aikin fiɗa, shi ne ya ɗaukaka sunansa, musamman saboda zane-zanen kayan aiki kusan 200 da ke cikinsa. Ya ɗebo da yawa daga likitan Girka Bulus na Aegina, sannan ya ƙara da abin da ya gani da idonsa.

Tun a gabatarwa ya koka cewa aikin fiɗa ya lalace a zamaninsa, saboda masu yin sa ba su san yadda jijiyoyi suke kwance cikin jiki ba. Ya ba da labarin wani likita maras sani da ya tsaga kumburi a wuyan wata mata, ya yanke jijiya, jini ya yi ta zuba har ta cika a hannunsa. A ganinsa, wanda bai san jijiya ba bai kamata ya ɗauki wuƙa ba.

Don haka ya zayyana hanyoyi huɗu na tsayar da jini idan babbar jijiya ta yanke: a yi mata lalas da ƙarfe mai zafi, ko a raba ta biyu don bakunanta su tsuke, ko a ɗaure ta da zare, ko a sa magani a danne.

Ƙafafun manoma da 'yan dako

Daga cikin babobin littafin akwai na kumburin jijiyoyin ƙafa, wanda Larabawa ke kira dawali. Al-Zahrawi ya siffanta su da cewa jijiyoyi ne masu kauri da suka murɗe suka cika da baƙin jini, ya kuma lura cewa sun fi fitowa a ƙafafun manoma da 'yan dako. Har gobe ciwo ne da mai noma a ƙauye kamar Nariya ta ƙasar Kibiya, ko ɗan dako a Kasuwar Kurmi, zai gane shi da an kwatanta masa.

Hanyoyi biyu ya bayar. Ta farko, a gasa ƙafar da ruwan zafi, a ɗaure ta daga cinya zuwa gwiwa, a tsaga jijiyar a matse baƙin jinin.

Ta biyu ita ce cire jijiyar ɗungum. Bayan an aske gashin ƙafar an ɗumama ta har jijiyoyi sun taso, sai a yi 'yan tsage-tsage a jere bisa tsawon jijiyar, a ɗago ta da ƙugiya, a zaro ta a hankali. Ya yi kashedin kada a bari ta tsinke, domin idan ta tsinke cire ragowarta yana da wuya.

Dangane da musabbabin ciwon dai, ya bi ra'ayin zamaninsa cewa wani baƙin ruwa ne na jiki ke taruwa. Sai a shekarar 1628 William Harvey na Ingila ya bayyana yadda jini ke kewaya jiki. A yau an san cewa cikin jijiyoyin ƙafa akwai wasu 'yan marufai da ke hana jini komawa ƙasa, kuma idan suka yi rauni sai jini ya taru, ƙafa ta kumbura, wani lokaci har gyambo ya fito kusa da idon sawu. Amma ciro jijiya da ƙugiya ta ƙananan tsagu, wanda likitan Suwizalan Robert Muller ya farfaɗo da shi a shekarun 1950, bai yi nisa da bayanin al-Zahrawi ba.

Majinyacin da ya yanke ƙafarsa

Al-Zahrawi bai ɓoye wuraren da ya gaza ba. A babin yanke gaɓa ya kawo labarin wani mutum da ƙafarsa ta yi baƙi tana masa zugi kamar wuta. Da ya ga ruɓar tana hawa, sai ya yanke ƙafar da kansa daga mahaɗa, ya kuwa warke.

Bayan wani lokaci ciwon ya ɓulla a yatsan hannunsa, ya zo wurin al-Zahrawi yana roƙon a yanke hannun. Likitan ya gwada magunguna ba su yi ba, amma ya ƙi yankewa don tsoron kada mutumin ya mutu, ganin ƙarfinsa ya ragu. Mutumin ya koma garinsu, daga baya labari ya iso cewa ya yanke hannun da kansa kuma ya samu lafiya. Al-Zahrawi ya rubuta wannan ne domin ɗalibansa su ɗauki darasi.

Rasuwarsa da gadonsa

Allah ya yi masa rasuwa a wajejen shekarar 1013, a daidai lokacin da yaƙin basasa ya ruguza Madinatuz Zahra.

A ƙarni na 12 Gerard na Cremona ya fassara kashin fiɗa zuwa Latin a birnin Toledo, inda Turawa suka san marubucin da sunan Albucasis. Likitan Faransa Guy de Chauliac ya ambace shi kusan sau 200 a littafinsa na shekarar 1363. An buga matanin Larabci da fassarar Latin a Oxford a 1778, sannan fassarar Ingilishi ta fito a 1973.

A birnin Ƙurɗuba akwai titi mai ɗauke da sunansa, kuma a shekarar 2018 hukumar UNESCO ta sanya kufan Madinatuz Zahra cikin jerin wuraren tarihi na duniya.