Marigayi Alhaji Umaru Bakabe, Limamin Kete-Karachi (1858–1934)

Idan ana lissafin mazan jiya na ƙasarmu, sunayen da kan fara zuwa baki su ne na masu takobi da masu rawani, irin su Kanta na Surame da Yakubu Nabame da Sama'ila na Argungu da Malam Abdullahi na Gwandu. A bana mun ga ya dace mu ɗauko wani bawan Allah da ba kasafai ake jin sunansa a zaurukan Gesse ko na Takalau ba, alhali kuwa a zangunan ƙasar Gana sunan nasa sananne ne ga duk wanda ya yi karatun zaure. Wannan shi ne Alhaji Umaru ɗan Abubakar ɗan Usman, wanda ake wa laƙabi da Alkabawi, wato Bakabe. Mu da neman abinci ya kai Legas da Kaduna da Abuja, ɗan'uwanmu ne ta fuska biyu: ta jini, da kuma ta zaman baƙunci.

An haife shi a Kano a 1858. Mahaifinsa Bakabe ne, malami kuma farke mai bin hanyar Gwanja. A wancan zamani ayarin fatake kan tashi daga ƙasar Hausa da kanwa da rinannun tufafi da kayan fata, ya ƙetare Kwara, ya ratsa Bargu, ya sauka Salaga bayan watanni, sannan ya juyo da goro. A cikin irin wannan ayari Umaru ya buɗe ido. Ya sauke Alƙur'ani a Kano, daga baya ya nufo yamma neman ilmi wajen malaman Sakkwato da Gwandu da ƙasar kakanninsa, a shekarun da ba a gama sulhu tsakanin Argungu da Gwandu ba.

Littafinsa na farko ma ya isa ya nuna irin mutumin da za a yi. Yana ɗan shekara ashirin ko ƙasa da haka ya tsara wani ɗan littafi da Larabci a kan yadda ake rubuta wasiƙa, da misalan da mai rubutu zai bi. Wanda ya san fatauci ya san amfanin wannan. Farke yana Salaga, iyalinsa na Kano, wanda yake bi bashi yana Jega, ba abin da ke haɗa su sai takarda. Saurayin malami bai fara da abin da zai burge manyan malamai ba, ya fara da abin da maƙwabcinsa ke bukata.

Ya zauna a Salaga har yaƙin basasar 1892 ya watsa garin. Fatake suka kwashe zuwa wasu zanguna, shi ma daga baya ya koma Kete-Karachi a bakin Kogin Bolta, inda Jamusawa suka kafa bariki. Ana ba da labarin cewa da gardama ta tashi a kan limancin garin, jami'in Jamus Graf Zech ya sa a kawo babban ƙamus na Larabci, masu neman limancin su karanta a bainar jama'a. Malam Umaru ya karanta, aka ba shi liman. A wannan matsayi ya ƙare rayuwarsa. Ya yi aikin hajji a 1913, inda ya karɓi ɗarikar Tijjaniyya.

A nan Kete-Karachi ne ya haɗu da wani Bajamushe mai suna Adam Mischlich, wanda ya buga ƙamus na Hausa a 1906. Mischlich na tambaya, Liman na rubuta masa amsa da ajami, har rubutun ya kai ɗaruruwan shafuka. A ganinmu nan ne gwanintarsa ta fi fitowa. Malamai da yawa na zamaninsa sun ɗauki rubutu a kan sana'ar talaka abin raini ne. Shi kuwa ya zauna ya bayyana noma da kiwo, da saƙa da rini da jima da ƙira, da ciniki a kasuwa da tsarin ayari, da aure da suna da sarauta. Rubutu ne na mutumin da ya tsaya bakin marina ya ga yadda ake tsoma zane, ya tsuguna a maƙera ya kula da zuga-zugi, ya kuma ɗaura wa jaki mangala da hannunsa. Da yawa daga cikin abin da masana ke faɗa a yau game da zaman Hausawa kafin zuwan Turawa, za a tarar da sawun alƙalaminsa a ciki.

Cikin abin da ya rubuta har da tarihin Kabi. Wannan ya kamata ya tsaya mana a rai. Mutumin da aka haifa a Kano, ya tsufa a bakin Bolta, tafiyar watanni daga Gulbin Kabi, bai bar labarin ƙasar ubansa ya ɓace masa ba. Ga shi kuma ɗalibin makarantar masu jihadi ne, wadda rundunarta ta ci Birnin Kabi a 1805. Jini na ja nan, karatu na ja can, kuma a gidajenmu da yawa har yau ana ɗauke da wannan gado biyu. Wani masani Bajamushe, Heinz Sölken, ya buga wannan tarihi da fassarar Jamusanci a 1959 da 1963. Kaɗan ne daga cikinmu suka taɓa ganinsa.

Ban da ilmi, Allah ya ba shi ban dariya mai cizo. Waƙarsa ta Talauci da Wadata ita ce shaida. A cikinta ya zana yadda ake yi wa matalauci a taro: ko gaskiya ya faɗa ba mai saurare, dangi na gudunsa, mai kuɗi kuwa kowa ɗan'uwansa ne. Mai ji zai yi dariya, sannan ya tuna da yadda shi kansa ya karɓi wani baƙo daga gida a makon jiya. Da annobar mura ta 1918 ta zo ta kayar da mutane ko'ina a duniya, ya yi mata waƙa mai suna Tunkuyau, yana bayyana alamunta da yadda take kama mutum. Ya kuma fassara waƙoƙin Imru'ul Ƙaisi zuwa Hausa domin ɗalibai, aikin da Baturen Ingila R. S. Rattray ya buga wani sashe nasa a 1934.

Ba za mu ɓoye cewa akwai abin tambaya a zamansa da Turawa ba. Ya yi waƙoƙi da Larabci da Hausa a kan zuwan Nasara, yana jera garuruwan da suka faɗa hannunsu, cikin baƙin ciki ƙarara. Amma kuma ya yi limanci a ƙarƙashin Jamusawa, bayan 1914 kuma a ƙarƙashin Ingilishi, ya yi abota da jami'ansu. Wasu za su kira wannan sassauci. Mu dai muna ganin halin baƙo ne mai jama'a a wuyansa, wanda ya san cewa idan ya yi fushi ya tashi, masallaci da makaranta ne za su mutu. Sarkin Kabi Sama'ila ma, da nasa dalilan, bai tari Turawa da yaƙi ba.

Ta fuskar iyali, rubutunsa ya nuna uba mai taushin zuciya. Ya yi wa ɗansa Abubakar waƙar nasiha a ƙarshen rayuwarsa. Da ɗansa Alhaji Labbo ya riga shi rasuwa, tsohon ya yi masa marsiyya da Larabci wadda ake lissafawa cikin mafi taɓa zuciya a waƙoƙinsa. Sunan Labbo kaɗai ya isa ya gaya wa ɗan Kabi daga ina gidan ya fito. Ɗalibansa kuwa ya riƙe su riƙon 'ya'ya, suka bazu a zangunan Kumasi da Yandi da Tamale da Ankara suna limanci da koyarwa, suna kwafar waƙoƙinsa da hannu suna ba nasu ɗaliban.

Allah ya yi masa rasuwa a Kete-Karachi a 1934. Shekara ce da mu muka sani da wani abu dabam, domin a cikinta Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya ziyarci Argungu, aka yi masa sun da ya zama tushen bikin kamun kifi. Bayan an kammala madatsar ruwa ta Akosombo a 1965, tafkin Bolta ya cinye tsohon garin da ya yi wa limanci, aka tayar da mutanensa zuwa sabon wuri. Takardunsa dai sun tsira. Jami'ar Gana da ke Legon ta tattara kwafin waƙoƙinsa daga hannun malaman zango a shekarun 1960, Douglas Ferguson ya juya rubutunsa na ajami zuwa Turanci a Amurka a 1973, Stanisław Piłaszewicz na ƙasar Polan kuma ya buga wani kaso a shekarar 2000. Allah ya jiƙan Alhaji Umaru, ya kai haske kabarinsa, amin.